Amsa ga dokta mai ciwon wuya bayan tiyatar koda

Dokta ƙanina, ka ce kana koyon aiki a Abuja kuma duk ranar da kuka yi tiyatar lafaroskofi ta koda (wadda ake yi ta ƙananan huji da kyamara, ana kallo a allo) sai ka fito wuya da kafaɗa kamar an doke ka. Wallahi kar ka ɗauke shi abin wasa, ciwon nan ya kwantar da manyanmu da yawa.

Fara da allon kallo. Ya kasance a gabanka sosai, daidai ido ko ɗan ƙasa kaɗan, domin in yana gefe awa uku kana murɗe wuya ne baka sani ba. Sai gadon tiyata, kayan lafaroskofi dogaye ne, in gado ya yi sama kafaɗunka za su ɗage har a gama, ka sa a sauke shi gwiwar hannu ta zauna kusa da jiki, in ya ƙi sauka ka nemi matattaka ka hau, babu kunya a ciki.

Aikin fasa dutsen koda da ake buƙatar hoton eksire, rigar dalmar nan da ake sawa don kariya daga hasken eksire ce ke cinye baya, in akwai mai siket da 'yar sama daban ita za ka ɗauka, nauyin ya sauka a ƙugu. Aikin ta mafitsara kuma zauna ka yi shi.

Kuma duk bayan kamar minti 30, in ba a mataki mai haɗari na tiyatar kuke ba, ku dakata minti ɗaya ku miƙe wuya da kafaɗa hannu na sama. Ka gaya wa mai riƙe kyamara shi ma ya yi, shi ya fi kowa shan wahala.