Yaron da ba ya yin gumi

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 3 bai taɓa yin gumi ba, ko a tsakiyar bazara. Jikinsa yakan yi zafi rau, a gwada jininsa kuma a ce babu zazzaɓin cizon sauro. Fatarsa a bushe take, gashin kansa tsilli-tsilli, haƙoransa huɗu ne kacal masu tsini. Ƙanena ma haka yake. Mece ce wannan lalura?
Daga wata uwa, Kumo, Jihar Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sai likita ya duba yaron kafin a yanke hukunci, amma alamun da kika lissafa, musamman da kika ambaci ƙanenki, sun yi kama da ciwon gado da ake kira ektodamal displesiya, wanda ke hana kafofin gumi da gashi da haƙora ginuwa yadda ya kamata tun yaro yana ciki. Ki lura da kewayen idanunsa, domin fatar wurin takan yi duhu da tamoji, girarsa kuma ba ta da yawa.

Ƙwayar halittar da ta fi haddasa shi, wato EDA, tana kan zaren gado mai suna X. Mace tana da X biyu, don haka mai lafiyar yakan rufa wa ɗayan asiri. Namiji kuwa guda ɗaya yake da shi, daga mahaifiyarsa ya samo shi, shi ya sa ciwon ke bin kawu da ɗan 'yar'uwarsa. Idan kina ɗauke da ƙwayar a ɗaya daga cikin X ɗinki, kowane ɗa namiji da za ki haifa, yiwuwar ya gada kashi 50 ne cikin 100. Wannan ba laifinki ba ne, kada kowa ya ɗora miki.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Gumi ne ke sanyaya jiki, a Gombe kuwa zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, wanda zai iya jefa irin wannan yaro cikin jijjiga. Ki riƙa jiƙa rigarsa da ruwan randa, ki shayar da shi a kai a kai, ki hana shi wasa a rana daga hantsi zuwa la'asar, kada kuma a bar shi cikin mota a rufe. Idan ya shiga makaranta, ki sanar da malamansa.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, likitan yara da na haƙori su gan shi, domin ana iya yi masa haƙoran roba tun yana ƙarami. Ki tafi da ƙanenki idan da hali.