Tambayi Likita: Mahaifina ya rasu a watan da aka yi ta mutuwa a Kano, yana cikin lissafin korona?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano. Mahaifinmu ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin da aka yi ta rasa dattawa a garin nan. Dama yana fama da ciwon suga, sai zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya dinga yi masa wuya, kafin mako ya zagayo rai ya yi halinsa a gida. Ba a gwada shi ba. Har yau muna musu da yayana. Shi cewa yake korona ba ta yi mana komai ba, tunda duk faɗin Nijeriya mutum dubu uku da 'yan kai aka ce ta kashe. Ni kuwa da idona na ga yadda aka yi ta fita da gawa a layinmu. Alƙaluman da ake sanarwa kullum da daddare a wancan lokaci, me suke ƙirgawa ne? Kuma in Allah ya sake jarabtarmu da wata annoba, yaya mutum zai gane tana ƙaruwa ne ko tana ja da baya?

Wata malama daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ku kuma ya ƙara muku haƙuri.

Baba ba ya cikin lissafin. Adadin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tsaya a kansa, wato kimanin mutum 267,000 da suka kamu da 3,155 da suka rasu, na waɗanda aka ɗauki majinarsu ne, aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna suna da cutar, rahoto kuma ya isa Abuja. Duk wanda ya rasu a ɗakinsa aka sallace shi bayan azahar, babu layin da aka tanadar masa a wannan takarda, ko da kuwa korona ce ajalinsa. Saboda haka yayanki bai faɗi ƙarya ba da ya ambaci dubu uku, amma ya ɗora wa lambar kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Masunci da ya jefa taru sau ɗaya ya kamo kifi goma, da wanda ya jefa sau ashirin ya kamo ɗari, ba za ki ce kogin na biyu ya fi kifi ba sai kin tambayi sau nawa kowa ya jefa. Haka adadin masu kamuwa yake. An tabbatar da mutum na farko a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A Kano sai 11 ga Afrilu. A makonnin da suka biyo baya, lokacin da masu haƙa kabari ke cewa aiki ya fi ƙarfinsu, ɗakin gwajin da jihar ta dogara da shi ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Wanda ke kallon allon sanarwa a lokacin zai zaci abu ya lafa, alhali gwajin ne ya tsaya.

Shi ya sa abu na farko da nake nema idan an ba ni adadin masu kamuwa shi ne: mutum nawa aka gwada? Ke malamar lissafi ce, bari mu yi shi kamar a aji. A ce makon jiya an gwada mutum 100, an samu 20. Wannan makon an gwada 1,000, an samu 100. Gidan rediyo zai ce masu cutar sun ninka sau biyar, kuma bai yi ƙarya ba. Amma makon jiya kashi 20 cikin ɗari ne, wannan makon kashi 10. Mai yiwuwa cutar ba ta ƙaru ba, an dai faɗaɗa nema. In kuwa aka ga gwaji yana ƙaruwa, kason masu cutar a cikinsa ma yana hawa, to wannan babu tantama wuta ce ke ci. A watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kafin a sassauta matakai, a ga wannan kaso ya tsaya a 5 cikin ɗari ko ƙasa da haka har tsawon mako biyu.

Na biyu, kada adadin kwana ɗaya ya ɗaga miki hankali ko ya kwantar miki da shi. Ɗakunan gwaji sukan rage aiki a ƙarshen mako, wata jiha takan tara sakamakon kwana uku ta turo a dare ɗaya, sai a wayi gari lamba ta yi tsalle. Ki haɗa na kwana bakwai ki raba da bakwai, gobe ki cire ranar farko ki ƙara sabuwa. Wannan matsakaicin shi ke nuna inda aka dosa. Daga nan ki duba kwana nawa yake ɗauka kafin ya ninka. In 50 ta zama 100 a kwana biyar, kuma ba a taka mata burki ba, a kwana ashirin 800 ce. Nan ne mutane da yawa, har da masu mulki, ke yin sakaci, domin 50 da 100 duk ƙananan lambobi ne a ido, ba a farga sai asibiti ya cika.

Na uku shi ne wanda ya fi rikita mutane, kuma na sha bayaninsa ga ma'aikatan lafiya ma. Mutuwa tana zuwa a makare. Mutum ya kamu yau, sai bayan kwanaki alamu su bayyana, sai ya yi ta shan maganin zazzaɓi daga kemis, sai numfashi ya tsananta a mako na biyu, in ajali ya zo sau da yawa sai mako biyu zuwa uku da fara ciwo, rahoton kuma ya ƙara wasu kwanaki a hanya. Wato mace-macen da aka sanar yau labarin kamuwar kusan wata guda da ya wuce suke bayarwa. A farkon kowane zagaye za ki ji ana cewa ai wannan karon ba ta kisa, saboda masu kamuwa sun yi yawa, mamata kuwa kaɗan. A ƙarshensa kuma, lokacin da cutar ta riga ta fara sauka, sai mace-mace su kai ƙololuwa, jama'a su firgita. Duka biyun kuskuren karatu ne. Mun ga haka a nan a zagayen tsakiyar 2020, da na Disambar 2020 zuwa Janairun 2021, da na nau'in Delta a daminar 2021. Wanda yake son sanin halin da ake ciki a yau, ya tambayi yawan waɗanda aka kwantar a asibiti a makon da yawan masu buƙatar iskar oksijin. Wannan ya fi adadin mamata saurin ba da labari, ya kuma fi adadin gwaji gaskiya, domin mai fama da numfashi zai zo asibiti ko da kayan gwaji ko babu.

Yanzu mu koma kan Baba da sauran dattawan layinku, don nan zuciyata ta fi karkata.

Akwai wata hanyar ƙirge da ba ruwanta da ɗakin gwaji. Tambaya ɗaya take yi: mutum nawa aka saba binnewa a irin wannan wata, kuma nawa aka binne bana? Abin da ya ɗoru a kan na al'ada shi ne ainihin ɓarnar annoba. Da wannan hanya aka duba abin da ya faru a Kano. Da farko hukumomin jiha sun danganta mace-macen da hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Kano dokar kulle ta mako biyu, aka turo tawagar bincike, suka bi gidaje suna tambayar iyalan mamata yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon: an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, ana rasa kimanin mutum 43 a rana a wurin da aka saba da 11, fiye da rabinsu a gida suka cika, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana kyautata zaton korona ce ta yi sanadi ko ta tayar da ciwon da ke kwance. Ki nuna wa yayanki 43 da 11. Wannan shi ne abin da idonki ya gani.

Ki lura kuma da ragowar kashi 40 zuwa 50 ɗin. Wasunsu ma asara ce ta annoba. A wancan lokaci asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe, ma'aikata na tsoron taɓa mai tari, ga zafin bazara, ga azumi ya kama, mai hawan jini ya rasa inda zai karɓi maganinsa. Annoba takan kashe wanda ba ta taɓa shiga jikinsa ba, kuma ƙirgen maƙabarta kaɗai ke kama irin waɗannan.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Daga Janairun 2020 zuwa Disambar 2021 ƙasashen duniya sun kai rahoton mutuwar mutum miliyan 5.4, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace-macen da suka ɗara na al'ada sun kai miliyan 14.9. Ƙasar Peru ta sake duba littattafanta a ƙarshen Mayun 2021, adadinta ya tashi daga kimanin 69,000 zuwa sama da 180,000 a rana ɗaya. Afirka ta Kudu, wadda ke rubuta kusan duk mutuwar da aka yi, ta sanar da mamatan korona dubu ɗari da 'yan kai, amma ƙirgen mako-mako na masu bincikenta ya nuna ƙarin ya kai wajen dubu ɗari uku. In ƙasar da ke da rajista ta rasa biyu cikin uku, ina ga tamu Nijeriya, wadda kusan mutuwa ɗaya cikin goma kawai ke shiga littafin Hukumar Ƙidaya?

Duk da haka zan ba yayanki haƙƙinsa. Wajen rabin 'yan Nijeriya ba su kai shekara ashirin ba, ita kuwa wannan cuta tsofaffi ta fi kayarwa. Binciken jini da aka yi a ƙarshen 2020 ya nuna kashi 23 cikin ɗari na mutanen Legas sun riga sun kamu, haka Inugu, Nasarawa kashi 19, Gombe kashi 9. A Legas kaɗai miliyoyin mutane ke nan, galibinsu sun warke ba su ma san sunan abin da ya same su ba. Shi matashi ne, abokansa sun yi mura sun tashi, sai ya auna da su. Ke kuwa kin auna da ƙarnin Baba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin wannan duhu ba shi da tsada. Addininmu ya ce a gaggauta suturta mamaci, kuma babu mai neman a jinkirta jana'iza don takarda. Littafi guda ake buƙata a ƙofar kowace maƙabarta: kwanan wata, namiji ko mace, shekaru, unguwa. Duk ranar Juma'a a haɗa jimilla a miƙa wa mai unguwa, shi kuma ya tura wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. A birnin Landan, tun kafin annobar 1665, ma'aikatan coci suka riƙa fitar da jimillar binne-binne duk mako, babu kwamfuta babu waya. Da muna da irin wannan littafi na shekara uku a jere kafin 2020, da tun makon farko na Afrilu an ga layin ya karkace, ba sai masu haƙa kabari sun yi kuka ga 'yan jarida ba. Kuma amfaninsa bai tsaya ga korona ba, shi zai fara nuna mana amai da gudawa a damina, sanƙarau a bazara, ko mashaƙon da ya addabi yaranmu a 2023. Ke da ɗalibanki kuna iya farawa: ku nemi izinin kwamitin maƙabartar unguwarku, ku karɓi jimillar wata-wata ba tare da sunan kowa ba, ku zana ta a allo. Darasin lissafi ne da zai yi wa unguwa aiki.

TAMBAYA

Likita barka da aiki. Na ji a rediyo cewa cikin mutum biyar da zazzaɓin Lassa ya kama, kusan ɗaya na mutuwa. Mu nan abin yana zuwa mana duk rani. Haka yake da muni?

Wani manomi daga Bauchi

AMSA

Barka kadai, Malam. Lambar da ka ji ta waɗanda aka gwada aka tabbatar ce, su kuwa galibi sai ciwo ya ci ƙarfinsu ake kai su asibiti. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa da Lassa ba sa jin komai ko kuma ciwon ya zo musu da sauƙi, kuma in aka haɗa kowa da kowa mutuwar ba ta wuce kusan ɗaya cikin ɗari. Amma cikin waɗanda ciwon ya tsananta har aka kwantar, takan kai kashi 15 ko fiye, ta fi kuma tsanani ga mai tsohon ciki. Abin da ke raba waɗannan lambobi sau da yawa shi ne lokacin da aka isa asibiti. Ɓera ke yaɗa ta ta fitsari da kashinsa, don haka a rufe hatsi da abinci, a daina shanya a ƙasa inda yake bi. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, musamman daga Disamba zuwa Maris, a tafi asibiti a faɗa wa likita daga yankin da aka fito, ko a kira lambar NCDC ta kyauta, 6232. Mai jinya kuma kada ya taɓa jini, amai ko fitsarin majinyaci da hannu ba safa.