Kumburin cinyar yaronki: gizo-gizo ne ko wani abu daban?

Assalamu alaikum 'yar'uwa, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya. Kin ce yaronki ɗan shekara 8 ya tashi da jan kumburi a cinya, yau kwana uku, wurin sai ƙara faɗi yake yi, jikinsa ya fara zafi, kakarsa kuma ta ce gizo-gizo ne ya cije shi cikin dare, a shafa masa toka da manja a bar shi. Kina tambaya ki jira ko ki kai shi asibiti. Ki kai shi yau, kada ki bari ya sake kwana. Kumburi mai yaɗuwa ga zazzaɓi a jikin yaro ba abin jira ba ne, ko mene ne sanadinsa.

Na daɗe ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti nan wajen Garwa ta ƙasar Kamaru, wankin ciwo kuwa shi ne aikina na kullum. Duk wanda ya zo ya ce gizo ya cije shi, tambayata ta farko ita ce, wa ya ga gizon? Kusan kullum ba wanda ya gani. An dai tashi an ga ciwo, an ɗaga kai an ga yana a kusurwar ɗaki, shi ke nan an yanke hukunci. Gizo-gizo ba ya shan jinin mutum kamar sauro ko kuɗin cizo, ba ya cizo sai an matse shi, a cikin riga ko takalmi ko ƙarƙashin mai barci. Akasarin na gida ko sun ciji mutum, ɗan ja ne da ƙaiƙayi, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Abin da na fi gani a madadinsa shi ne ƙwayar cuta ta shiga fata ta wurin susa ko ɗan ƙurji, ta zama maruru ko ta bazu a ƙarƙashin fata. Shi wannan yana ƙaruwa ne kullum, yana zogi, wurin ya ɗauki zafi, kaluluwa ta fito a matsematsi, daga baya ya tara mugunya. Bayaninki ya fi kama da haka, amma sai wanda ya gani da ido ya taɓa ne zai tabbatar.

Akwai wasu da ake ɗora wa gizo laifinsu. Da damina, wajen Agusta da Satumba, ƙwari na taruwa a fitila, wasunsu in ka murje su a wuya ko hannu, ruwan jikinsu ya ƙona fata, kashegari ka ga bororo a miƙe kamar an ja layi da garwashi. Maganinsa kada a murje, a hure shi, in kuwa an murje a wanke da sabulu nan take. Sai ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a jere a gefe ɗaya na jiki, a haƙarƙari ko fuska, da raɗaɗi mai tsanani, waɗanda mutane ke cewa aikin gizon nan tautau ne. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya ta farka, kuma maganinta ya fi aiki cikin kwana 3 na farko. Yana ba ni takaici in ga dattijo ya sha wahalar sati biyu ana shafa masa saiwa, alhali da ya zo da wuri da sauƙi ya samu. In kusa da ido suka fito, a garzaya. Mahauta da masu jima da makiyaya su kula da ciwo mai baƙin ɓawo a tsakiya, ga kumburi kewaye amma ba ya zafi: yana iya zama antaraks, cutar da ake ɗauka daga dabba ko fatarta. A wajen garin Mokolo da ke arewacin Kamaru kuma an san gyambon da wani mitsitsin ƙuda ke jawowa, mai yin watanni bai warke ba.

Ba wai babu gizo mai dafi ba. Akwai wani mai dunƙulallen ciki, baƙi ko ruwan ƙasa, da jan tabo ko ruwan lemo a ƙarƙashin cikin, yana saƙa hargitsattsiyar yana a ƙarƙashin kujera, bakin masai, cikin tsohuwar taya ko tarin itace. Nasa ba a fata yake nuna kansa ba. Wurin cizon ƙarami ne, amma cikin awa ɗaya ko 'yan awoyi sai ciwo ya haura, naman jiki ya riƙa ɗaurewa, ciki ya yi tauri, ga zufa, ga amai. Wannan asibiti ne kai tsaye, musamman ƙaramin yaro, tsoho da mai juna biyu. Haka wanda leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya. Hotunan ruɓaɓɓen nama da ake turowa a WhatsApp kuwa, da yawa ana danganta su ne da wani gizo na Amurka, kada su zama ma'auninki.

Kafin ku fita, ki wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa. Ki ɗauki biro ki zagaye iyakar jan, ki rubuta lokaci a gefe. Wannan layin yana taimakonmu ƙwarai, domin in jan ya tsallake shi cikin 'yan awoyi, mun san abin gudu yake yi. In kika ga jan layi ya miƙe daga ciwon zuwa sama, ko wurin ya fara baƙi, ko yaro ya yi laushi ya ƙi shan ruwa, ko da tsakar dare ne a nemi mai babur.

Kada a tsaga, kada a matse, kada a ɗaure cinyar, kada a zuba toka, kanwa, fetur ko man birki. Na wanke ƙafafun da man birki ya ƙona fiye da ciwon da aka so a kashe. Kafso na 'yan tebur ma a bar shi, domin in mugunya ta taru, sai an fitar da ita da kayan aiki masu tsabta kafin magani ya ci.

Game da Kaka, ki bi ta da lalama, son jikanta ne ya sa ta faɗa. Ki ce mata za a je a duba ne saboda zazzaɓin, in da hali ma ku tafi tare ta ji da kunnenta. Ki riƙe katin rigakafinsa don a duba maganar allurar tetanus, ki kuma gaya wa mai dubawa ranar da abin ya fara da duk abin da aka shafa ko aka ba shi. A gwada jininsa ko akwai zazzaɓin cizon sauro, domin sukan haɗu. Allah ya ƙara sauƙi, ki sanar da mu abin da suka ce.