Dalilin da ya sa fararen ƙwayoyin jini ke raguwa bayan maganin daji

Malama, kin tambaya me ya sa likita ya ɗage wa mahaifiyarki zagaye na biyu na kimoterafi, wato magungunan ciwon daji, yana cewa fararen ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa. Allah Ya ba ta lafiya.

Waɗannan magunguna suna kai hari ne ga duk ƙwayar halittar da ke saurin rarrabuwa, kuma ba ciwon daji kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba, domin ɓargon ƙashi, inda ake ƙera jini, shi ma haka yake. Waɗanda abin ya fi shafa su ne nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil, masu cinye ƙwayoyin cuta, saboda ba sa daɗewa a cikin jini, don haka da zarar ɓargo ya yi sanyi sai adadinsu ya faɗi. Yawanci raguwar takan kai maƙura tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, sannan adadin ya farfaɗo wajen mako na uku ko na huɗu. Ɗagewar tana ba ɓargo damar murmurewa, kuma wani lokaci likita kan haɗa da allurar filgrastim don ta zaburar da shi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne batun zazzaɓi. A wannan tsakani ciwo na iya shiga jiki ba tare da kumburi ko mugunya ba, tunda fararen ƙwayoyin jinin da ke haddasa su sun yi ƙaranci. Idan zafin jikinta ya kai digiri 38, a garzaya da ita asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, kada a fara ba ta farasitamol don yana ɓoye zazzaɓin.