Filin Amsa Tambayoyi: Ƙoƙon Kai da Abin da Ya Rufe

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da wata bakwai, amma har yanzu maɗigarsa ba ta rufe ba, kuma ina ganin tana motsi idan yana kwance. Shin ƙashin kansa ne bai ƙosa ba? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, haka halittar take. Ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne kamar yadda ido ke gani, ƙasusuwa 22 ne, takwas sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 kuma sun gina fuska, kuma a kan babban mutum muƙamuƙin ƙasa ne kaɗai ke motsi a cikinsu. Lokacin haihuwa ƙasusuwan saman kai ba su gama haɗuwa ba, wani tantani mai ƙarfi ne ke riƙe da su, abin da ke ba kan jariri damar matsewa ya fito, sannan ya bar wa ƙwaƙwalwa wurin girma. Maɗigar da ke wajen ƙeya ƙarama ce, takan rufe cikin wata biyu zuwa uku, ta gaba kuwa wadda kike gani takan kai wata 12 zuwa 18, wani lokaci har kusan shekara biyu. Motsin da kike gani bugun jini ne. Abin da za ki sa wa ido shi ne idan ta lotsa sosai, musamman ga yaro mai gudawa ko amai, domin alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki, ko kuma ta kumbura ta yi tauri alhali yaron ba kuka yake yi ba. Kowanne kika gani, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Likita, ƙanena ya faɗi daga babur, gefen kansa ya bugu. Ya tashi da kansa, har ya yi hira da mu, kuma babu jini a waje. Bayan wasu sa'o'i sai ya fara amai da ciwon kai, barci ya rinjaye shi. Da muka je asibiti, likita ya haska idanunsa da tocila, nan take ya ce a shiga da shi tiyata. Ya warke, alhamdu lillahi, amma me aka gani a ido alhali kai ne ya bugu? Daga wani mai karatu.

Amsa: Allah Ya ƙara masa lafiya, Malam. Bayanin da ka yi ya dace da taruwar jini tsakanin ƙashi da tantanin ƙwaƙwalwa, kuma ba za a gane shi ba sai an san yadda aka shimfiɗa cikin kai.

Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa ƙashi kai tsaye, tantani uku ne suka shiga tsakani. Na waje, wanda likitoci ke kira dura, mai kauri ne da tauri, yana manne da cikin ƙashi. Na tsakiya, wato araknoyid, siriri ne mai zarurruka. Na ciki kuma, piya, ya lafe a jikin ƙwaƙwalwa yana bin kowane lungu nata. Tsakanin na tsakiya da na ciki akwai wani ruwa garai-garai, kimanin mililita 150 a jikin babba, wanda ƙwaƙwalwa ke yawo a cikinsa, yana rage mata ƙarfin girgiza. Jiki na samar da kusan mililita 500 na wannan ruwa a kullum, ana tsotse tsohon zuwa cikin jini.

A gefen kai, tsakanin ƙarshen gira da saman kunne, akwai wurin da ƙasusuwa huɗu suka haɗu, kuma ƙashin wurin ba shi da kauri. Daidai ƙarƙashinsa ne wata jijiyar jini da ke ciyar da dura ta ratsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai riƙa fita da ƙarfin bugun zuciya yana ɓamɓare dura daga jikin ƙashi sannu a hankali. Wannan ɓamɓarewa na ɗaukar lokaci, kuma a cikin lokacin ne ƙaninka ya tashi ya yi hira da ku. Matsalar ita ce kan babban mutum kamar akwati ne da aka kulle, ba ya buɗewa don ba wa jini wuri, don haka ƙwaƙwalwa ce ke matsewa. Idan matsin ya yi yawa, gefenta na ciki zai zame ƙasa ya danne jijiya ta uku daga cikin jijiyoyin kai, wato masu ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa ko zuwa gare ta, wadda ita ce ke tsuke baƙin ɗigon nan da ke tsakiyar ido idan haske ya shiga. Da zarar an danne ta sai ɗigon ya buɗe, yawanci a ɓangaren da jinin ya taru, ya ƙi tsukewa ko an haska shi. Abin da likita ke nema da tocila ke nan, kuma idan ya gan shi ya san sauran lokaci kaɗan ne.

A ganina, babu maganar da ta fi yaudarar 'yan uwan wanda ya bugu kamar cewa ai babu jini a waje. Duk wanda ya bugu a kai sannan ya fara amai, ko ciwon kansa ya riƙa ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi, ko ruwa garai ya riƙa ɗigowa daga hanci ko kunne, ba a barinsa ya kwanta ya huta a gida.

Wani abin da mutane ke mamaki shi ne ita kanta ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi, tantanin da jijiyoyin jinin da ke kewaye da ita ne ke ji. Haka kuma tantanin nan uku ba su tsaya a kai ba, sun bi ta babban ramin da ke gindin ƙoƙon kai sun lulluɓe laka. Shi ya sa mai ciwon sanƙarau, wanda kumburin wannan tantani ne, ba ya iya sunkuyar da kai, domin sunkuyawar na jan tantanin da ya kumbura.

Tambaya: Likita, na wayi gari bakina ya karkace, idona na dama ba ya rufuwa. An ce mini ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar fuska ce. Mene ne bambancin? Daga wata baiwar Allah.

Amsa: Sannu, Malama, Allah Ya ba ki lafiya. Jijiyoyin kai 12 ne a kowane ɓangare, suna fita ta ƙananan ramuka a gindin ƙoƙon kai, kuma wani Bajamushe mai suna Samuel Sömmerring ne ya tsara wannan lissafi a 1778. Su ke kula da jin ƙamshi, gani, juya ido, ji, tauna, haɗiya da motsa harshe, ta goma ma har zuciya da hanji take kaiwa. Taki ita ce ta bakwai, wadda ke bi ta wani ƙunƙuntaccen rami a cikin ƙashin da ke kewaye da kunne, saboda haka ko ɗan kumburi ta yi sai ƙashin ya matse ta, rabin fuska ya saki.

Goshi ne ke raba gardama. Tsokar goshi na karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, don haka mai shanyewar ɓarin jiki yakan iya ɗaga girarsa duk da bakinsa ya karkace, kuma sau da yawa hannu ko magana kan taɓu. Idan kuwa jijiyar kanta ce ta kumbura, goshi da ido da baki na wannan ɓangaren duk sukan saki tare, wani ma ɗanɗano ya canza masa, ko ƙara ta riƙa yi masa yawa a kunne. Sai dai wannan hukunci na likita ne, ba na madubi ba, kuma maganin rage kumburin ya fi aiki idan an fara shi cikin sa'o'i 72. Yawancin masu wannan lalura sukan warke cikin makonni zuwa 'yan watanni. Kafin nan ki kula da idon da ba ya rufuwa, ki riƙa ɗiga maganin da ke jiƙa ido da rana, da dare kuma ki rufe shi da filasta yadda likita ya nuna miki, domin idan ya bushe yana iya yin gyambo.