Tambaya da Amsa: Mashigin Tekun Gini, Inda Daminarmu Take Tasowa

A wannan fitowa mun tara tambayoyin da masu karatu suka aiko game da tekun da ke kudu da mu, muka miƙa su ga malaman ilimin ƙasa da na yanayi da ke taimaka wa wannan fili.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Katsina. Ina yawan jin "Mashigin Tekun Gini" a labarai. Shin na ƙasar Gini ne? Daga ina ya fara, a ina ya ƙare?

Amsa: Ɗalibi, ɗauko taswirar Afirka ka dubi wurin da gaɓar yamma ta lanƙwasa, inda tekun Atlantika ya shigo kamar cikin hammata. Wannan lungu shi ne mashigin. A hukumance yana farawa daga Kef Falmas, a ƙarshen Laberiya kusa da iyakar Kwaddibuwa, ya ƙare a Kef Lofez da ke Gabon. Tsakanin nan akwai gaɓar Kwaddibuwa, Gana, Togo, Jamhuriyar Benin, Najeriya, Kamaru, Ikwatoriyal Gini da arewacin Gabon, sai ƙasar Sawo Tome da Firinsife da ke tsakiyar ruwa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, wato ya ninka Najeriya fiye da sau biyu.

Ƙasar Gini mai hedikwata a Konakiri ba ta ma cikinsa, haka Gini Bisau. Duk suna arewa maso yamma da inda ya fara. Turawan Fotugal ne suka riƙa kiran wannan gaɓa baki ɗaya da Gini tun ƙarni na 15, daga baya ƙasashe uku suka gaji sunan.

A cikin mashigin akwai ƙananan lungaye biyu, bakin Kogin Kwara ne ya raba su: na Benin daga yamma, na Boni daga gabas. Na Bonin a da ana ce masa na Biyafara, aka sauya sunan a 1975. Idan malaminku ya tambaye ku inda layin Ikwaita ya haɗu da layin Girinwic, to a cikin wannan ruwa ne, kusan kilomita 600 kudu da gaɓar Gana.

Tambaya: Ni manomi ne a yankin Maraɗi. Ana ce mana ruwan daminarmu daga tekun kudu yake zuwa. To me ya sa kullum hadari daga gabas yake taso mana? Kuma me ke sa damina ta makara?

Amsa: Malam, idonka bai yaudare ka ba, waɗanda suka gaya maka ma ba su yi ƙarya ba. Abubuwa biyu ne suke aiki a hawa biyu na sararin sama.

A bazara hamada tana yin zafi ƙwarai, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama, sai wata ta taho ta cike gurbin. Wadda ke tahowa ita ce ta kan teku, ɗauke da danshi. Tana tasowa ne daga kudancin Ikwaita, da ta ƙetare layin sai juyin duniya ya karkata ta, ta shigo ƙasa daga kudu maso yamma. Ita ce ke tura busasshiyar iskar hunturu baya. A watan Janairu iyakar da ke tsakaninsu tana kusa da bakin teku, shi ya sa ƙura kan kai har Legas da Akra. Zuwa Agusta iyakar ta hau har ta wuce Agadas.

Ga abin da ya kamata manomi ya riƙe: ba a kan iyakar ruwa ke sauka ba. Iskar danshin siririya ce a goshinta, kamar bakin gatari, sai an koma ɗaruruwan kilomita kudu take kauri har ta iya haɗa hadari. Saboda haka in ka ji iska ta juyo daga yamma, dare ya yi gumi, gishiri ya fara jiƙewa a kwano, goshin ne ya iso, ruwan kirki da saura makonni. Shi kuwa hadarin, da zarar ya yi tsawo sai ya tarar da wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita 3 zuwa 4. Ita ke tura shi. Danshin daga kudu maso yamma yake, abin hawansa daga gabas. Wannan iskar ta sama tana zuwa ne a jere kamar igiyar ruwa, duk kwana 3 zuwa 5, kuma kusan tazarar da kake gani ke nan tsakanin ruwa da ruwa a tsakiyar damina mai kyau.

Makara tana da dalilai da yawa, amma ɗaya daga ciki a mashigin yake. Daga Afrilu zuwa Yuni babban ruwan yana zaune a bakin teku. Wajen ƙarshen Yuni sai ya yi tsalle zuwa arewa, kuma abin da ke taimaka masa shi ne sanyin da saman tekun ke yi a wannan lokaci: teku ya yi sanyi, hamada ta yi zafi, bambancin ya ja iskar da ƙarfi. A shekarar da tekun ya ƙi hucewa, ruwan kan daɗe a kudu, arewa ta sha jira. An ga haka a 1984, shekarar farin da dattawa ba su manta ba.

Game da shuka, ma'aunin da masana aikin gona na Sahel suke amfani da shi shi ne a sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa cikin wata ɗaya da zai biyo baya. Rabin farko kana iya aunawa da kanka, ko ka tona ka ga ko laima ta kai tsawon tafin hannu. Rabi na biyu sai da hasashen hukumar yanayi ta ƙasarku da na cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai. Ruwan farko na watan Mayu shi ya fi cinye wa mutane iri, domin sau da yawa goshin iskar ne ya leƙo ya koma.

Tambaya: Ina zaune a unguwar Nima a Akra. Muna bakin teku, amma ruwan sama bai kai na Kumasi ba, har ciyawa ce ta fi yawa a wajen gari. Me ya jawo?

Amsa: Hajiya, kin lura da abin da ya daɗe yana ɗaure wa matafiya kai. Akra tana samun milimita 700 zuwa 800 a shekara, bai fi abin da Kano ke samu ba. Aksim kuwa, a yammacin Gana ɗin dai, tana haura 2,000, Duwala ta haura 3,500.

Dalili na farko kwanciyar gaɓar ce. Daga yankin Takoradi zuwa gabas gaɓar ta karkata, har iskar kudu maso yamma take bin gefenta maimakon ta buge ta gaba da gaba, don haka ba ta samun abin da zai ɗaga ta sama ta zubar da ruwa. Na biyu, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama a gaɓar Gana da Kwaddibuwa, zafin saman ruwan ya sauko daga kusan digiri 28 zuwa ƙasa da 24. Iskar da ta bi ta kan ruwa mai sanyi ba ta son tashi. Sakamakon haka kurmin Afirka ta Yamma ya yanke biyu, daga gabashin Gana zuwa Togo da Benin, filin ciyawa ya sauko har bakin ruwa. Amma ruwan sanyin yana taso da abincin kifi daga ƙasa, shi ya sa kike ganin kifin sadin ya cika kasuwa ya yi araha a waɗannan watanni.

Tambaya: Ina harkar shigo da kaya ta Kwatano da Lome. Na ga teku ya cinye gidaje a gabashin Kwatano, alhali ta yamma yashi sai ƙaruwa yake. An kuma yi mini tayin fili kusa da ruwa. Mene ne shawararku?

Amsa: Alhaji, kada ka biya kuɗi sai ka gama karanta wannan. Daga gabashin Kwaddibuwa har Legas, yawancin gaɓar ba dutse ba ce, siririn tudun yashi ne da tafkuna a bayansa. Manyan raƙuman ruwa suna tasowa daga can kudancin Atlantika, su bugi gaɓar a karkace, kowane ɗaya ya matsar da yashi kaɗan zuwa gabas. A gaɓar Togo da Benin abin da ke wucewa a shekara yana kai kimanin kubik mita miliyan ɗaya. Ka ɗauke shi kamar kogin yashi da ke gangarawa gabas ba dare ba rana. Muddin abin da ya shigo ya yi daidai da abin da ya fita, gaɓa tana nan inda take.

Wannan gaɓa ba ta da mafakar jirage ta halitta sai kaɗan. A da jiragen kan tsaya can nesa, a yi ta jigilar kaya da mutane cikin kwale-kwale ta cikin raƙuman ruwa, a yi asarar dukiya da rayuka. Dole aka gina tashoshi da hannu: Takoradi a 1928, mashigar Biridi da ta buɗe tafkin Abijan a 1950, Tema a 1962, Kwatano a 1965, Lome a 1968. Kowace tasha tana da doguwar katangar duwatsu da ta shiga cikin teku, kuma katangar tana datse kogin yashin nan. Ta yamma yashi ya taru, ta gabas raƙuman ruwa su ci gaba da kwasa ba mai mayarwa. Haka teku ya ci unguwannin Akpakpa a gabashin Kwatano, ya ci tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho. A Legas ma katangun da aka fara ginawa a bakin mashigar tun 1908 su suka jawo zaizayar bakin tekun Bar Bic, inda yanzu aka cike aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Abu biyu suka ƙara tsananta lamarin. Madatsar Akosombo ta Gana da aka kammala a 1965 ta riƙe yashin da Kogin Bolta ke kawowa, garin Keta ya ɗanɗana kuɗarsa. Sai masu ɗibar yashin gini a bakin ruwa. Kowace tifa da ta tashi, daga gaban gidan wani aka rage ta. Jerin gajerun katangun da gwamnatoci ke ginawa suna ceton wurin da aka sa su, amma sukan tura matsalar gaba da katanga ta ƙarshe.

Don haka ka fara da sanin ko filin yana gabas ne ko yamma da katanga mafi kusa. Wanda ke gabas da ita kai tsaye shi ne mafi haɗari. Ka buɗe Google Earth ka kwatanta hotunan wurin na shekara 10 ko 15 da suka wuce da na yau, ka auna mita nawa ruwa ya matso, ka raba da yawan shekarun, sannan ka lissafa shekara nawa suka rage kafin ya iso filin. Ka ɗanɗana ruwan rijiyar maƙwabta, in da gishiri to teku ya riga ya shigo ta ƙarƙashin ƙasa, kuma zai ci rodin gininka. Ka je wurin tsakanin Yuni da Agusta lokacin da teku ke hauka, ka kuma duba bayan filin, domin tafki kan cika ya shigo ta baya. A ganinmu filin da ke kan siririn tudu tsakanin teku da tafki bai dace da ginin da mutum ke son bar wa 'ya'yansa ba, kome arharsa.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Garwa. Tsibiran mashigin sun jeru a layi ɗaya. Haɗuwa ce kawai?

Amsa: Malama, ba haɗuwa ba ce. Annobon, Sawo Tome, Firinsife da Biyoko duk duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙasan teku a kan layi guda. Layin ya hau tudu a Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya ci gaba ta tsaunukan yammacin Kamaru, reshensa ya kai tudun Adamawa, wani ya nufi Mandara da Biu. Tafkin Niyos da ya fitar da iskar da ta kashe mutum sama da 1,700 a Agustan 1986 a kan layin yake. Dutsen Kamaru yana tsaye daidai gaban iskar damina, shi ya sa ƙauyen Debunsha da ke gindinsa yake samun kusan milimita 10,000 a shekara, ya ninka na Garwa kusan sau goma.

Tambaya: Za mu kai yara yawon buɗe ido Legas, suna son shiga teku. Sun iya iyo a kogi.

Amsa: Yaya, iyon kogi ba ya wadatarwa a nan. Gaɓar tana da gangare sosai, taku kaɗan ƙasa ta ɓace, kuma ruwan da raƙuman suka turo yana komawa ta wasu 'yan hanyoyi da gudun da gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Alamarsu ita ce wuri mai duhu da ya yi kamar ya fi ko'ina kwanciya tsakanin farin kumfa, yana jan yashi da tarkace zuwa ciki. Wurin da baƙo zai zaɓa ke nan, kuma shi ne mafi muni. Kada yara su wuce gwiwa, kada su shiga kusa da katangar duwatsu, kuma a zaɓi wurin da ke da masu ceto. Wanda ruwa ya ja kada ya yi ƙoƙarin komawa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar, wadda sau da yawa faɗinta bai wuce mita 30 ba. Na kan tudu kuma ya jefa masa jarka mai murfi ko igiya, ya kira masunta, kada ya faɗa ruwan da hannu wofi.