Kabewata tana fure, 'ya'yan suna zubewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazauniyar Aboabo ce a Kumasi. Na shuka kabewa a bayan ɗaki, ta yi yaɗo har kan katanga, fure kuwa ba a magana. Amma da 'ya'yan sun kai girman ƙwai sai su yi rawaya su faɗi. Na zuba kashin kaji, ina fesa magani duk mako. Ko ƙasar ce ta gaji? Daga wata uwa, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙasarki lafiyarta lau, kabewar da ta hau katanga ba yunwa take ji ba. Ƙudan zuma ne ba ya zuwa, kuma ina zargin feshin nan ne ya kore shi.

Kabewa fure iri biyu take yi a jiki guda. Namijin yana kan siririn kara, macen kuwa za ki ga ɗan ƙullutu a gindinta, shi ne ɗan kabewar. Sai ƙudan zuma ya shiga namijin, garin nan rawaya ya manne masa a jiki, ya kai wa macen, sannan ƙullutun ya kama. Furen da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe, ba ya ƙara buɗewa. In ba wanda ya leƙo a wannan safiyar, ɗan ya tafi ke nan.

Gobe bayan sallar asuba, da gari ya waye, ki tsinki namiji ɗaya, ki cire ganyen furen, ki goga tsinken tsakiyar a cikin macen a hankali. Bayan kwana kaɗan za ki ga ƙullutun ya fara kumbura. Feshi kuma ki ajiye shi. In ƙwari sun matsa, ki jiƙa ganyen dogon yaro ki yayyafa da magariba, lokacin da furanni suka rufe.

Amma hannunki ba zai wadatar da unguwa ba, kuma nan ne abin yake ci mini rai. A unguwar Asawase nan Kumasi na tashi, a gidan da mangwaro ke tsakar gida. In hunturu ya shigo ya yi huda, gunjin ƙudan zuma muke ji tun daga zaure. Bara na je na tarar an sare shi, an malale tsakar gidan da siminti har bakin kwata. Garin da ake wa kirari da Birnin Lambu, ga shi gida bayan gida babu inda ƙwaro zai sauka ya sha. Alhali a dajin Bobiri, nan kusa da Kubease a hanyar Akara, akwai malam-buɗe-littafi wajen iri 400. Itacen koko ma da ƙasar nan ke tinƙaho da shi, wasu ƙananan ƙudaje ne da ke hayayyafa a ruɓaɓɓen ganye suke yi masa wannan aikin na kai garin fure.

Don haka ki bar kusurwa ɗaya ba siminti, ba shara kullum. Ki sa zogale, don yana daɗewa yana fure. Ki bar daddoya biyu su yi huda maimakon a tsinke su duka don miya, ki haɗa da riɗi da yakuwa ko da a tsofaffin bokitai ne. Guntun busasshen itace ki jingine shi a gefe, babban baƙin ƙudan nan mai huda katako a ciki yake gida. Ki ajiye faranti da tsakuwa da ɗan ruwa, ki riƙa sauyawa duk bayan kwana biyu saboda sauro.

Ki kuma yi wa maƙwabta magana, da limamin masallacinku. Filin makarantar Islamiyya ko gefen masallaci zai ɗauki zogale biyar, yara su riƙa ban ruwa bayan la'asar. In kabewar ta kama, ki rubuto ki gaya mini guda nawa kika samu.